KALLABI TSAKANIN RAWUNA: SIFFAR MATA 'YAN SIYASA A KAFOFIN WATSA LABARAI

Gabatarwa

Abin da mu ke so mu tattauna a wannan takarda ƙaramin abu ne a ido, watau 'yan kalmomin da jaridu da gidajen rediyo ke zaɓa in sun zo ba da labarin macen da ta shiga siyasa. Ba za mu taɓa muhawarar ko ya dace mace ta nemi mulki ko bai dace ba, domin wannan muhawara tana da mazauninta, tana kuma da masu ita. Mu namu fagen shi ne harshe. Tun da dokar ƙasa ta ba mace damar tsayawa takara, ta kuwa tsaya, to, yaya mai ba da labari ya ke gabatar da ita ga jama'a? Da wane suna ya ke kiranta? Me ya ke sa wa a gaba, me kuma ya ke bari a baya?

Abin da ya sa mu ka ga wannan tambaya ta cancanci a kawo ta gaban taro irin wannan shi ne, mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba su taɓa zama da ɗan takara sun ji ta bakinsa ba. Abin da su ka sani game da shi, daga akwatin rediyo su ka ji shi, ko daga bakin wanda ya karanta jarida, ko kuma a zamanin nan daga wayar hannu. Ashe ke nan wanda ya rubuta kan labari yana da hannu a cikin zaɓe, ko da bai sani ba. Har zuwa zaɓen 2023 ba a taɓa zaɓen mace ta zama gwamnan jiha ba a Nijeriya. A wannan zaɓen kuwa, cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa, mata uku kaɗai aka rantsar da farko, sai daga baya kotu ta ƙara ta huɗu. Ba mu ce laifin 'yan jarida ne duka ba. Akwai tsadar takara, akwai yadda jam'iyyu ke tsai da mutum, akwai tarukan tsakar dare waɗanda matar aure ba ta iya halarta sai da tsegumi. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, mu dai harshen za mu duba.

Kallabi da rawani

Bari mu fara da maganar nan da mu ka ɗauko mu ka yi wa takardar suna da ita. Da wuya mace ta fito ita kaɗai a cikin 'yan takara maza ba a ji wani mai gabatar da shiri ya kira ta kallabi tsakanin rawuna ba. Magana ce mai daɗin faɗi, kuma mai faɗinta yabo ya ke nufi. Sai dai in mu ka warware ta, za mu ga ɓangarorinta biyu ba su yi daidai ba. Rawani a ƙasar Hausa ba kowane namiji ke naɗa shi ba. Alama ce ta sarauta, ko malanta, ko dattako, shi ya sa in an ba mutum sarauta a kan ce an naɗa shi. Kallabi kuwa kowace mace na ɗaura shi, daga mai tallan goro har matar sarki. Saboda haka a cikin wannan siffantawa an kira maza da alamar muƙaminsu, ita kuwa an kira ta da alamar jinsinta kurum. Da adalci aka bi, sai a ce kallabi tsakanin huluna. Ba a faɗi haka, kuma mu a ganinmu ba don rashin daɗin sauti ba ne kaɗai.

Haka abin ya ke ga ɗaya kirarin, watau mace mai kamar maza. In aka yaba wa mace da cewa ta yi kama da maza, an riga an yanke hukunci cewa abin da ta yi ba na irinta ba ne, aro ta yi.

Akwai kuma wani abu na nahawu da ya kamata masana harshe da ke zaune a nan su lura da shi. Hausa harshe ne mai nuna jinsi a kusan kowace jimla. In mu ka ce "'yar takarar ta ce", mun riga mun sanar da mai sauraro sau biyu cewa mace ce, da kalmar 'yar da kuma wakilin suna ta. Duk da haka sau da yawa mu kan ji an ce "'yar takara mace", ko "sanata mace", alhali jimlar da ke biye za ta fara da ta. Wani ɓangare na wannan ya samo asali daga fassara, domin galibin labaran da ake watsawa da Hausa da Turanci aka fara rubuta su, shi kuwa Turanci kalmar ɗan takara a cikinsa ba ta nuna jinsi, dole sai an ƙara. Mai fassara da ke gaggawa sai ya kwaso kalmar gaba ɗaya ya dasa ta inda ba a bukatarta. To, amma kalmar da nahawu ba ya bukata, in ta zauna a jimla, wani aiki ta kan yi. Aikinta a nan shi ne ta ja kunnen mai sauraro cewa ga abin mamaki nan tafe. Ba mu taɓa jin an ce "ɗan takara namiji" ba.

Tushen abin

Ba za a gane nauyin kalmar 'yar siyasa a kunnen Bahaushe ba sai an koma shekarun 1950. A lokacin da aka kafa NEPU a Kano a 1950, aka kuma mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa a 1951, matan aure a birane suna cikin kulle, ba su da halin fita lacca. Matan da jam'iyyu su ka fi samu su cika musu fili, su yi musu guɗa da waƙa, su ne masu zaman kansu da zawarawa, kuma sau da yawa ta hannun magajiya ake tara su. (Ita kanta kalmar magajiya abin nazari ce: sarauta ce babba ta mata a tsoffin masarautu, sai zamani ya gangaro da ita ta zama sunan shugabar mata masu zaman kansu.) Tun daga nan aka ɗaura wa siyasar mace zargi a wuya, har ya zama in an ce wance 'yar siyasa ce, akwai abin da mai magana ya bari bai ƙarasa ba. Ga shi kuma matan Arewa ba su da ƙuri'a. 'Yan'uwansu na Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, su kuwa sai a 1976 gwamnatin soja ta ba su wannan dama, su ka fara da zaɓen ƙananan hukumomi, sa'an nan na tarayya a 1979. Watau kusan shekara 25 mace a Arewa tana iya yi wa jam'iyya guɗa, tana iya shiga kurkuku dominta, amma ba ta iya zaɓenta.

Babbar jaridar Hausa ta wancan zamani, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, a hannun hukuma ta ke, hukumar kuwa tun kafin samun 'yancin kai tana hannun jam'iyyar da ta ƙi ba mata ƙuri'a. A cikin wannan hali ne Hajiya Gambo Sawaba ta taso. An haife ta a 1933, ta shiga NEPU tun tana yarinya, ta shugabanci matan jam'iyyar, ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayani. An kama ta a Kano, an hana ta zama a birnin, masu tarihinta kuma sun ƙidaya ɗauri har sau 16. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban GNPP na ƙasa. Ta rasu a 2001.

A yau babu mai zaginta. Kowace shekara in ranar mata ta zagayo a kan tuna da ita, akwai ma babban asibiti a Zariya mai sunanta. To, amma mu dubi yadda ake tunawar. Abin da ake jerowa shi ne auren da aka yi mata tana ƙarama, da dukan da ta sha, da askin da aka yi mata, da yawan ɗaurin. Duk gaskiya ne, kuma bai kamata a manta ba. Sai dai mai sauraro ya kan tashi daga shirin ya san abin da aka yi wa jikinta, bai san abin da ta ce ba. Matar nan tana da manufa. Ta nemi a ba mata ƙuri'a, ta yi suka ga auren dole da aikin tilas, ta nemi a sa 'ya'ya mata makaranta. In ana maganar Malam Aminu Kano, ana kawo ra'ayinsa a kan haraji da sarauta da talakawa, a yi gardama a kai. In aka zo kanta, sai tausayi ya rufe komai. Wanda ake tausaya wa kuwa ba a cika gardama da shi ba, kuma ɗan siyasar da ba a gardama da ra'ayinsa, ba a ɗauke shi ɗan siyasa ba tukuna.

Suna da laƙabi

In mu ka gangaro kusa, za mu ga salon ya sake kama amma bai sake hali ba. Franca Afegbua ita ce mace ta farko da aka zaɓa sanata a Nijeriya, a 1983, daga tsohuwar Jihar Bendel. Wata uku kacal ta yi soja su ka kifar da gwamnati a ƙarshen Disamba. Har ta rasu a 2023, abin da ya fi bin sunanta a jaridu shi ne kyau da sana'ar gyaran gashi. Ba za mu daɗe a kanta ba, misalin a fili ya ke.

Wanda ya fi bukatar natsuwa shi ne na marigayiya Aisha Jummai Alhassan. Lauya ce, ta riƙe muƙamin kwamishinar shari'a a Taraba, ta yi babbar magatakardar babbar kotun Abuja, aka zaɓe ta sanata a 2011, ta nemi gwamna a 2015, har kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ba ta nasara a watan Nuwamba na wannan shekara kafin kotunan sama su rushe hukuncin. Duk wannan an naɗe shi a cikin kalma biyu: Mama Taraba. Wani zai ce ai magoya bayanta ne su ka raɗa mata, ita ma ta karɓa hannu biyu, kuma maza ma ana yi musu, ba ga Baba Buhari ba? Wannan gaskiya ne, mun kuma yarda laƙabin ya yi mata amfani a wajen neman ƙuri'a. Bambancin da mu ka gani shi ne, Baba ya hau kan Janar da Shugaba ne ya zauna, bai ture su ba, ba wanda ya manta Buhari soja ne. Ita kuwa Mama ta cinye lauyar gaba ɗaya. Uwa a wurin Bahaushe abar girmamawa ce ƙwarai, amma ba a tambayarta kasafin kuɗi, ba a kuma tsammanin ta san sashen doka. Ana tsammanin ta yi haƙuri, ta yi kyauta, ta share hawaye.

A nan bari mu ɗan ratse. Abin dariya ne cewa a bakin 'yan siyasa hedikwatar jam'iyya sunanta uwar jam'iyya, alhali in ka leƙa shugabanninta kujerar da aka tabbatar wa mace guda ce, ta shugabar mata. Haka kuma kalmar ubangida. Kowane ɗan siyasa yana da ubangida, kuma ya kan yi alfahari da shi a rediyo. Amma a ce wance tana da ubangida, nan da nan sai ka ji muryar mai magana ta sauya. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, jinsi ne kawai ya raba. Sojojin baka, watau masu sayen fili a rediyo su kare gwaninsu su soki abokin hamayya, sun san wannan sarai. Namiji su kan tuhume shi da cin dukiyar jama'a ko cin amanar jam'iyya. Mace kuwa sai a tambayi aurenta nawa, ina mijinta, wa ya ba ta kuɗin. Ba sai sun furta zargin 1950 ba, habaici ya wadatar, mai sauraro zai ƙarasa da kansa.

Ta farko

Zaɓen gwamnan Adamawa na 2023 ya ba mu misali mafi cika, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa. Sanata Aishatu Ɗahiru Ahmed Binani ba baƙuwa ba ce a fagen. Ta yi Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ta yi Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, kuma a zaɓen fid da gwani na APC a 2022 ta ka da maza da su ka haɗa da tsohon gwamna Jibrilla Bindow da Malam Nuhu Ribaɗu. Mutumin da ya yi shekara takwas a majalisa yana da tarihin aiki da za a iya aunawa: wane ƙuduri ya kawo, ina ya tsaya da aka zo muhawara, me ya kai mazaɓarsa. Amma labarin da ya mamaye kafofi, na Hausa da na Turanci, na gida da na waje, guda ne: shin za ta zama mace ta farko? Aka mai da zaɓen jiha mai fama da matsalar tsaro da ambaliya da rashin aikin yi ya koma gasar kafa tarihi.

Wannan salo na "ta farko" yana da illa ta fuska biyu, kuma masu goyon bayan mata sun fi kowa amfani da shi, don haka su ma muna magana da su. Fuska ta ɗaya, ya kan ɗora wa mace guda nauyin dukkan mata, in ta faɗi a ce mata sun faɗi. Haka aka yi wa Sarah Jibril da ta sami ƙuri'a ɗaya tak a zaɓen fid da gwani na PDP a 2011, aka yi ta raha da cewa mata ba su son junansu, ba a tsaya an tambayi su wane ne wakilan da ke zaɓen ba, ko wa ya ɗauki nauyinsu. Fuska ta biyu, ya kan kare 'yar takara daga binciken da ya kamata a yi mata. Ranar 16 ga Afrilu 2023 kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya sanar cewa Binani ta ci, alhali ba a gama tattara sakamako ba, kuma doka ba shi ta ba ikon sanarwa ba. Hukumar zaɓe ta soke sanarwar, bayan kwana biyu aka bayyana Ahmadu Fintiri. Batun a nan na doka ne tsantsa, wa ke da ikon sanarwa, kuma yaushe. Amma da ya ke an shafe watanni ana gina labarin a kan jinsi, sai jama'a su ka rabu a kansa: masu cewa an danne mace, da masu cewa ga irin abin da mace ke jawowa. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne, mutane kusan 400,000 sun jefa mata ƙuri'a a jihar Arewa, abin da ya isa ya sa mai nazari ya sake duba zancen da ake yi cewa talakan Arewa ba ya zaɓen mace.

In mace ta yi magana

Saura mu dubi abin da ke faruwa da maganar mace bayan ta fita daga bakinta. A watan Oktoba na 2016 Hajiya Aisha Buhari ta yi hira da Sashen Hausa na BBC, ta ce wasu 'yan tsiraru sun kankane gwamnati, ana naɗa mutanen da ba su yi wa jam'iyya wahala ba, kuma in abin bai sauya ba ba lalle ta fita yaƙin zaɓe a 2019 ba. Magana ce ta siyasa, ana iya gaskata ta ana iya ƙaryata ta. Shugaban ƙasa ya mai da martani daga Jamus, yana tsaye kusa da Angela Merkel, cewa wurin matarsa shi ne ɗakin girki da falo da ɗaya ɗakin. Daga wannan rana labarin ya tashi daga naɗe-naɗen gwamnati ya koma zaman aure. Aka yi makonni ana tambayar malamai da masu sauraro ko ya dace mace ta soki mijinta a bainar jama'a. Tambayar da ta yi, su wane ne ke naɗa mutane, ta bi ruwa.

Makamancin haka ya faru a 2025. Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ta sami saɓani da shugabancin Majalisar Dattawa a kan sauya mata wurin zama, ta zargi shugaban majalisar, Godswill Akpabio, da neman ta da lalata, shi kuwa ya musanta. Ranar 6 ga Maris majalisar ta dakatar da ita wata shida. Ba aikinmu ba ne mu ce wa ke da gaskiya. Abin da mu ka lura shi ne yadda hira a kafofin sada zumunta, da shirye-shiryen da ke kwaso zance daga can, ta fi karkata ga kyanta da tufafinta da tarihin aurenta, aka bar tambayar da ta shafi kowa: shin majalisa na da ikon barin mazaɓa guda ba wakili har rabin shekara?

Akwai dalilai na cikin gida da ke haifar da wannan. Teburin siyasa a yawancin kafofi maza ne ke riƙe da shi, labarin mace kuwa a kan tura shi filin mata, inda zai zauna tsakanin girke-girke da kwalliya. Fili a rediyo saye ake yi, wanda ya fi kuɗi ya fi magana. Mata a labaran yaƙin zaɓe sun fi fitowa a jam'i, ba suna: an tallafa wa mata, an raba wa mata atamfa, mata sun yi anko sun tarbi gwamna. Matar gwamna, wadda tsarin mulki bai ambaci ofishinta ba, ta fi 'yar majalisar da aka zaɓa samun fili nesa ba kusa ba.

Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi ƙuri'a a kan gyaran tsarin mulki, ta yi watsi da ƙudurori biyar da su ka shafi mata. Wanda ya nemi a ware musu kujeru na musamman ya sami goyon bayan sanatoci 30, 58 su ka ƙi. A Majalisar Wakilai 81 su ka yarda, 208 su ka ƙi. Hoton da aka fi yaɗawa a makon shi ne na matan da su ka taru a ƙofar majalisa suna zanga-zanga, labarin da aka fi maimaitawa kuma shi ne cewa an ka da ƙudurorin a gaban matar mataimakin shugaban ƙasa, wadda ta je ta zauna don nuna goyon baya. Kowane ɗaya daga cikin mutum 208 ɗin nan yana da suna, yana da mazaɓa, kuma akwai wakilin rediyo a garinsu da zai iya kai masa abin ɗaukar magana ya tambaye shi dalili.